Kunkurun ruwa: Rayuwar da ke kwance ƙarƙashin busassun tafkunan kudancin Jigawa

A watan Afrilu, sa'ad da zafin bazara ya kai maƙura, yawancin ƙananan tafkunan da ke tsakanin Sundimina da Birnin Kudu ba su da alamar rai. Ruwa ya ƙafe, laka ta bushe ta daddare, ba abin da ya rage sai sawun shanu da busasshen ganyen bado. Wani tafkin yara sun mayar da shi filin ƙwallo, wani kuma masu yin tubali sun fara haƙar gefensa.

Amma a ƙarƙashin wannan busasshiyar ƙasa, ko a tsakanin saiwoyin bishiyoyin bakin tafkin, akwai mai jiran damina. Kunkurun ruwa ne. Tun da ruwa ya fara ja da baya ya tona laka ya shige, ya janye kai da ƙafafu, ya rage numfashi, ya daina ci. Haka zai kwanta wata da watanni.

Ranar da aka yi ruwan sama na kirki, wanda ya jiƙa ƙasa har ya kwanta a kwari, sai a wayi gari ana ganin su a bakin hanya da kunyoyin gona da kududdufin bayan gari, kamar tare da ruwan suka sauko.

Wannan dabara ta kwanciya a laka ita ta raya kunkurun ruwa shekaru aru-aru a ƙasar da kan yi kusan wata bakwai ba ta ga ɗigon ruwan sama ba. Ita ce kuma ta zame masa rauni a yau, domin a idon mutane tafkin da ya ƙafe fili ne kawai, ana iya nome shi, ko a haƙe shi, ko a cike shi.

Kunkuru ba iri ɗaya ba ne

Wanda aka fi sani shi ne kunkurun tudu, mai tudun ƙoƙon baya da ƙafafu masu kauri. Babban cikinsu, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata, ɗan yankin Sahel ne, kuma shi ne na uku a girma cikin kunkurayen tudu na duniya. Ciyawa yake ci, rami yake haƙa ya fake wa rana. Shi ne ake ajiyewa a wasu manyan gidaje da fadoji. Irinsa ne Alagba na fadar Ogbomosho, wanda ya mutu a watan Oktoban 2019, fadar ta ce yana da shekara 344, kodayake masana sun yi shakkar wannan lissafi. Kunkurun tudu bai iya iyo ba. Wanda ya tsince shi ya jefa shi a tafki da niyyar taimako, nutsar da shi ya yi.

Kunkurun tafki daban yake. Ƙoƙon bayansa a baje yake, launinsa ruwan ƙasa mai ɗan duhu, tsawonsa ba kasafai ya wuce santimita 20 ba. Idan ya tsorata ba ya jan kansa kai-tsaye cikin ƙoƙo, lanƙwasa wuya yake yi gefe guda ya ɓoye kan. Duk yaron da ya taɓa ɗaukarsa kuma ya san makaminsa na biyu, wato wani ruwa mai wari da yake saki, wanda kan daɗe a hannu. Masana na kiran danginsa Pelomedusa. An daɗe ana ɗaukar su iri ɗaya a duk faɗin Afirka, sai a 2014 wani binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa iri goma ne aƙalla. Na yankin Sahel ɗin Afirka ta Yamma shi ake kira Pelomedusa olivacea.

Akwai ɗan uwansa, dangin Pelusios, wanda gaban ƙoƙon cikinsa ke motsi kamar ƙyaure. Idan ya janye kai sai ya rufe ƙofa. Wani irinsa da ke kogunan Senegal da Neja da yankin Tafkin Chadi yana ɗauke da sunan Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarin tsirrai da dabbobi a Senegal a ƙarni na 18. Shi ya fi son ruwan da ke daɗewa bai ƙafe ba.

Sai kififiya, wadda masunta suka fi kowa sani. Bayanta ba shi da taurin na kunkuru, wata fata ce mai santsi ta lulluɓe shi. Tana da dogon wuya da hanci mai tsini, wanda take miƙowa saman ruwa ta shaƙi iska alhali jikinta na binne a yashi ko laka. Tana da zafin nama, cizonta kuma ba wasa ba ne. Wadda aka fi samu a kogunan da tafkunan yankin savana ita ce Cyclanorbis senegalensis, mai wasu 'yan fatu a ƙarƙashi da ke rufe ƙafafunta na baya. Babbar 'yar uwarta, Trionyx triunguis, mai farce uku a kowace ƙafa, takan kusan kai mita ɗaya, kuma ta fi zama a manyan koguna irin su Neja da Binuwai.

Ƙasar duwatsu da fadamu

Jihar Jigawa ta samo sunanta daga jigayin yashi, amma kudancinta ƙasar duwatsu ce da kwaruruka. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai tsofaffin zane-zanen shanu da masu binciken tarihi suka bayyana wa duniya a shekarun 1950, shaidar cewa makiyaya sun daɗe suna bin ruwa da ciyawar wannan yanki. Nan ne kuma ya fi ko'ina samun ruwan sama a jihar, kimanin milimita 1,000 a shekara, alhali arewacin jihar kan tsaya wajen 600.

Babban kogin yankin shi ne Bunga. Daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya bi ta ƙasar Ningi, ya ratsa ƙasar Gwaram, ya nufi Jama'are, inda ya fi shahara da sunan Kogin Jama'are. Can kusa da Gashuwa yake haɗuwa da Kogin Haɗejiya su zama Komadugu Yobe, mai zuba a Tafkin Chadi. Ga kuma Kogin Iggi da ɗimbin rafuka da ƙoramu da ke cika a watan Agusta su koma yashi a watan Fabrairu.

Idan waɗannan ruwaye suka tumbatsa suka janye, sukan bar tafkuna a fadama. A kan su mutum ya ƙara nasa: kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini a bayan kowane gari, da manyan ramukan da masu aikin hanya suka bari a gefen titin Kano zuwa Maiduguri. Kunkurun tafki ba ya zaɓe, duk inda ruwa ya kwanta wata biyu ko uku gida ne a wurinsa.

Sai dai ruwa kaɗai bai ishe shi ba. Yana buƙatar wurin shan hantsi, kamar dutse ko kututture, domin jikinsa ba ya samar da ɗumi da kansa. Yana buƙatar ƙasa mai laushi a tudu, kusa da ruwa, inda mace za ta binne ƙwai. Yana kuma buƙatar laka ko dandazon busassun ganye da ba wanda zai taɓa har damina ta dawo. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, tafki na iya zama cike da ruwa amma babu kunkuru a ciki.

Kudancin Jigawa na da wata sa'a a nan. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, Kogin Haɗejiya ya daina bin tsohon tsarinsa na cika da ƙafewa, abin da ya taimaka wa ciyawar kachala ta mamaye hanyoyin ruwa a yankin Haɗejiya da Nguru. Shi kuwa Kogin Jama'are har yanzu babu babbar madatsa a kansa. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake maganar gina ta Kafin Zaki a Jihar Bauchi, an fara an tsaya, al'ummomin da ke ƙasan kogin a Yobe da Borno kuma sun daɗe suna nuna fargaba a kanta. Saboda haka fadamun Gwaram na cikin wuraren da har yau damina ce ke yanke ranar cikarsu, rani ya yanke ranar ƙafewarsu, kuma wannan shi ne tsarin da jikin kunkuru ya saba da shi.

Daga ƙwai zuwa girma

Idan lokacin ƙwai ya yi, macen kunkurun tafki kan fito tudu, galibi da yamma ko da dare. Da ƙafafun baya take haƙa rami. Idan ƙasar ta yi tauri sai ta jiƙa ta da ruwan da ta ɗebo a jikinta. Takan zuba ƙwai goma zuwa talatin, ta mayar da ƙasa ta daddaɓe, ta koma ruwa. Daga nan ba ta sake waiwayarsu.

Rana ce ke yin kwancin. Bayan wata biyu da rabi zuwa uku 'ya'yan kan ƙyanƙyashe, kowanne bai fi girman kwabo ba. Zafin ƙasar da ƙwan ke ciki ne ke yanke ko mace za a samu ko namiji. Ke nan sare bishiyoyin bakin tafki, ko ƙone ciyawar da ke yi wa ƙasa inuwa, na iya sauya yawan maza da matan da za a ƙyanƙyashe a wurin.

Yawancin ƙwan ba sa kai labari. Guza na tono su, haka tunku da karnuka. Waɗanda suka ƙyanƙyashe kuma sai sun tsere wa hankaka da shirwa kafin su kai ruwa, a ruwan ma zalɓe da manyan tarwaɗa na jiran su. 'Yan kaɗan ne ke kai wa lokacin da ƙoƙon baya zai yi tauri, kuma sai an yi shekaru kafin su fara haihuwa. Amma wanda ya tsallake wannan siraɗi yakan yi shekaru da dama yana zuba ƙwai kowace shekara.

Aikinsa a cikin ruwa

Kunkurun tafki ba ya ƙin abinci. Yana cin tsutsotsin ƙwari, har da na sauro, da talibambam da ƙananan kifaye da katantanwa. Mushen da ya faɗa ruwa, na kifi ne ko na tsuntsu, shi da kififiya na cikin masu share shi kafin ya ruɓe ya ɓata ruwan da dabbobi ke sha. A wuraren adana namun daji na kudancin Afirka an sha ɗaukar hotonsa yana cire kaska daga jikin karkanda da mugun dawa idan sun shigo birgima a taɓo.

Batun katantanwa na da muhimmanci ga mutanen fadama, domin a jikin wasu ƙananan katantanwar ruwa ne tsutsar da ke haddasa tsargiya ke girma kafin ta shiga jikin yaran da ke wanka a tafki. Kunkuru ba zai maye gurbin magani ko tsabtataccen ruwan sha ba, amma yana cikin halittun da ke rage katantanwar ba tare da an biya su ko sisi ba.

Su ma masu ƙorafi a kansa suna da hujja. Yakan cinye abincin da masunci ya sa a ƙugiya, yakan gutsuri kifin da ya maƙale a kalli, yakan ja 'yan agwagi ƙasa, har kurciyar da ta sauko shan ruwa yakan cafke. Wannan ne ya sa wasu masunta ba sa mayar da shi ruwa idan ya faɗo musu.

Abin da ya sauya a fadama

A da, tafki kan ƙafe da kansa, a hankali. Yanzu sau da yawa inji ne ke ƙafar da shi. Tun daga shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a farkon shekarun 1990 kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fi mayar da hankali a kansu, ƙananan injinan ban ruwa suka bazu ko'ina. Noman rani ya bunƙasa, shinkafa da alkama da tumatir da albasa da kankana suka riƙe gidaje da dama, suka kuma rage wa matasa tafiya cirani. Ba mai hankalin da zai ce a daina.

Amma tafkin da kan kai watan Maris da ruwa yanzu yana iya ƙarewa tun Janairu. Kunkuru zai shige laka kamar yadda ya saba, sai dai kwanciyar ta ƙara tsawo, kitsen da ya tara kuma bai ƙaru ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne abin da kan biyo baya. Gindin tafki ƙasa ce mai albarka, don haka da ya ƙafe sai garma ko tarakta ta shiga. Kunkurun da ke kwance ba zai ji ƙarar inji ya gudu ba. Haka wutar da ake cinna wa ciyawar bakin ruwa don share gona ko farautar gafiya, takan tarar da waɗanda suka fake cikin ganye.

Masu haƙar gaiwa sun san wannan sirri, domin ita ma gaiwa a laka take yin rani, kuma sau da yawa mai neman ta yakan ci karo da kunkuru ko kififiya a gurbi guda.

A koguna kuwa yashi ne abin nema. Gine-gine sun yawaita a Dutse da Birnin Kudu da sauran garuruwa, tifofi na shiga har tsakiyar kogi da rani. Tudun yashi da gaɓar kogi da ake kwashewa su ne wuraren da kififiya ke ɓuya take kuma binne ƙwai.

Ga kuma magungunan feshi. Mai feshi kan ɗebi ruwa a tafki ya haɗa magani, idan ya gama ya wanke tankin a nan. A sassa da dama na Najeriya an san mummunar al'adar zuba Gamalin a ruwa don kifi ya taso, duk da cewa sinadarin da ke cikinsa na cikin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta sa a jerin haramtattu tun 2009. Gubar da ba ta kashe kunkuru nan take ba tana kashe abincinsa, tana kuma taruwa a jikin dabbar da ke daɗewa a duniya.

Kayan su ma sun sauya. Kunkuru da iska yake numfashi, ba kamar kifi ba. Idan ya shiga mali ko ya sarƙe a kallin roba da aka bari cikin ruwa kwana da yini, nutsewa yake yi ya mutu. Mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi kuma ba ya bambanta tarwaɗa da kififiya. Wanda aka fitar da rai yakan ƙare a tukunya, ƙoƙon bayansa kuma a rumfar masu maganin gargajiya.

A cikin gari, kududdufai na zama juji, daga baya a cike su a yanka filaye. Mutanen birnin Kano sun ga ƙarshen wannan hanya: unguwannin da aka cike kududdufansu su ne ruwa ke rasa wurin zuwa ya shiga ɗakuna. Kududdufin da ke riƙe kunkuru shi ne ke riƙe ruwan da zai iya rushe katanga.

Me ya sa asarar babba ɗaya ke da nauyi?

Tarwaɗa ɗaya kan zuba dubban ƙwai, 'ya'yanta kuma su isa haihuwa cikin shekara guda. Shi ya sa tafkin da aka kwashe kifinsa kan farfaɗo bayan damina ɗaya ko biyu. Lissafin kunkuru ba haka yake ba. Jarinsa tsawon rai ne. Mace ɗaya sai ta yi shekaru tana zuba ƙwai kafin a samu 'yan kaɗan da za su gaje ta. Wanda ya ɗauke babbar mace daga tafki ya ɗauke ƙwan shekaru masu yawa da ba a kai ga zubawa ba.

Shi ya sa ɓacewarsu ba ta da ƙara. Ana iya ci gaba da ganin tsofaffi shekara da shekaru alhali babu ƙananan da ke tasowa, sai ranar da tsofaffin suka ƙare a lura. Kunkuraye sun fi shekara miliyan 200 a doron ƙasa, amma wani babban nazari da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa fiye da rabin nau'o'insu kusan 360 na fuskantar barazanar ƙarewa.

Akwai misali a kusa. Wata babbar kififiya, Cyclanorbis elegans, a da ana samun ta daga Ghana da Togo da Najeriya har zuwa Sudan. An yi shekaru da dama masana ba su sake ganin ta a daji ba, sai a 2017 wata tawaga da ta haɗa da Farfesa Luca Luiselli, ɗan Italiya da ya daɗe yana bincike a Najeriya, ta same ta a Farin Nilu a Sudan ta Kudu. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta a sahun da ke dab da ƙarewa, ta kuma sa sauran kififiyoyin nan biyu a sahun masu rauni. A taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg a 2016, Najeriya na cikin ƙasashen da suka nemi a sa kififiyoyin Afirka a jerin dabbobin da ba a fitar da su ƙetare sai da izini, kuma aka amince.

Baƙon da ya addabi wasu ƙasashe

Yayin da kunkurayen gida ke ja da baya a ƙasashe da yawa, akwai wani guda da ya zama annoba saboda yawa. Shi ne kunkuru mai jan kunne, Trachemys scripta elegans, ɗan asalin kwarin Kogin Mississippi a Amurka da arewa maso gabashin Meziko. Ana gane shi da jan zane a bayan kowane ido da ratsin rawaya a wuya da ƙafafu. Sunan da Amurkawa suka ba shi na nufin mai sulluɓewa, saboda yadda yake zamewa daga kan kututture ya faɗa ruwa da ya ji motsi.

Kyan 'ya'yansa ne ya jawo. Kore ne shar, ƙanana, ga araha, don haka aka riƙa kiwon su a gonaki, musamman a Jihar Louisiana, ana sayarwa a matsayin abin wasan yara. A 1975 hukumomin Amurka suka hana sayar da duk kunkurun da ƙoƙon bayansa bai kai inci 4 ba a cikin ƙasar, saboda yara na ɗaukar ƙwayar cutar salmonela daga jikinsu. Masu kiwon sai suka juya ga kasuwannin waje. Tsakanin 1989 da 1997 kaɗai an fitar da fiye da miliyan 52.

Abin da masu saye ba su lissafa ba shi ne ɗan ƙaramin nan zai kai santimita 30, zai yi cizo, zai ɓata ruwa, kuma zai iya yin shekara 30 a raye. Idan aka gaji da shi sai a kai shi tafki mafi kusa a sake. Da haka ya kafu a Turai da Asiya da Ostareliya da Afirka ta Kudu. Yana saurin girma, yana yawan ƙwai, yana ƙwace wa kunkurayen gida wurin shan hantsi da abinci. IUCN ta sa shi cikin jerin baƙin halittu 100 mafi ɓarna a duniya. Tarayyar Turai ta hana shigo da shi tun 1997. A Japan, inda ma'aikatar muhalli ta ƙiyasta kusan miliyan 8 a ruwayen ƙasar a 2016, an haramta shigo da shi da sayar da shi da sakinsa daga watan Yunin 2023.

Darasin ya shafe mu, domin kiwon kifin ado da ƙananan dabbobi na ƙara shiga gidajen birane, ana kuma tallar su a intanet. Ruwayen arewa masu ɗumi ne duk shekara, irin yanayin da wannan baƙo ke so. Wanda ya sayi kunkuru mai jan kunne ya ɗauki amanar shekaru, kuma ko da ya gaji, kada ya kai shi tafki ko madatsar ruwa. Gara ya nemi wani mai kiwo ko gidan ajiye namun daji ya miƙa shi.

Abin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi

Yawancin abin da zai taimaki kunkurun fadama ba baƙon abu ba ne ga mutanen yankin. A al'adar su ta ƙasar Hausa, Sarkin Ruwa kan hana taɓa wani tafki har sai ranar da aka buɗe shi, kuma wannan hani ne ke ba kifi damar girma. Idan manoman da ke jan ruwa daga tafki ɗaya suka yarda su bar gurbi mafi zurfi ba a tsotse shi ba, ba a kuma nome shi ba, kunkuru da gaiwa za su sami wurin yin rani, dabbobin makiyaya su sami sha, irin kifi kuma ya saura don baɗi.

Barin 'yan taku kaɗan na ciyawa da bishiyoyi a bakin ruwa na kare ramukan ƙwai, yana kuma hana gaɓa zaizayewa ta cinye gonar. Masunci zai iya barin saman mali a waje da ruwa, ya kuma duba kayansa safe da yamma, ya mayar da manyan mata idan sun faɗo. Mai feshi ya ɗebi ruwa a bokiti ya wanke tankinsa nesa da tafki.

Direba ko mai babur da ya ga kunkuru na tsallaka titi a farkon damina, ya kauce masa. Mai son taimako ya ɗauke shi ya ajiye a gefen da ya dosa, domin idan aka mayar da shi baya zai sake hawa titin. Kififiya kuwa ta baya ake kama ta, saboda wuyanta na kai wa nesa. Duk wanda ya taɓa su, musamman yara, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Hukumomi ma na da rawar takawa. Shirin ACReSAL na dala miliyan 700, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 don farfaɗo da ƙasa da ruwa a jihohin arewa 19 da Abuja, ya shafi irin waɗannan fadamu kai-tsaye. Ɗaliban nazarin halittu na Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa za su iya zama da masuntan Gwaram da Birnin Kudu su rubuta wane iri ake kamawa, a wane ruwa, a wane wata. Makarantu kuma na da ranar 23 ga Mayu, ranar kunkuru ta duniya, wadda ta faɗo daidai lokacin da suke fitowa daga laka.

Hausawa na cewa kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. Ba ya iya faɗa da tarakta ko tifa, ba ya kuma iya gudu. Abin da ya iya shi ne ya lafe a laka ya jira. Idan shamuwa ta dawo, hadari ya haɗu ta gabas, ruwan farko ya sauka a fadamun Sundimina, yawan waɗanda za su fito ya dogara ne da abin da aka yi wa gindin tafkin a watannin Fabrairu da Maris, lokacin da kowa ke ganin babu komai a cikinsa.